Ba Ƙarya Muke Yi Ba, Tushe Muke Sauyawa

Ranar Lahadi da la'asar ina zaune a ƙofar gida ina fifita da kwalin taliya, sai ɗan ƙanwata ya zo ya dire mini littafi a cinya. Yana ajin ƙarshe a sakandare, jarrabawa ta ƙarato, malamin kwamfuta kuma ya ba su aikin gida: su mayar da 40 zuwa tushen biyu, da tushen takwas, da tushen sha shida.

"Kawu, wannan lissafin na na'ura ne, ba na mutane ba. Don Allah wa zai tare ni a Kasuwar Sabo ya tambaye ni bainari?"

Na ce ya jawo benci. Ni ma na daɗe rabona da abin, amma kawu ba ya cewa bai sani ba a gaban ɗan ƙanwarsa. Sai na ɗauko masa misali daga tasha, tunda sunan unguwar tamu ke nan. Na ce kowane gurbi a lamba motar haya ce. A ƙirgen da muka saba, mutum goma ke cika ta. Da na goma ya shiga sai ta tashi, a rubuta 1 a gurbi na gaba, a bar sifiri a inda ta tashi. Tushen takwas mota ce da takwas ke cikawa. Ta tushen biyu kuwa, mutum na biyu na sa ƙafa direba ya ja, shi ya sa 0 da 1 kaɗai ake gani a can. Ta sha shida ita ce bas ɗin da ke zuwa cikin gari, wadda kwandasta ba ya yarda ta cika. Da alƙaluma suka ƙare a 9 sai aka aro haruffa: A goma, B sha ɗaya, har zuwa F sha biyar.

Juyawar ma ba wuya. Ka raba lambar da tushen, ka ajiye saura, ka sake raba abin da ka samu, har ya ƙare, sannan ka karanta saurayen daga ƙasa zuwa sama. Takwas a cikin arba'in sau biyar, babu saura: 50. Sha shida a cikin arba'in sau biyu, saura takwas: 28. Na biyun ya ci mana rabin shafi, muka fito da 101000.

Yaro ya jera amsoshi: 28, 40, 50, 101000. Na dube su, gabana ya faɗi. Wallahi na san mutumin nan. Layinmu ɗaya.

Shekararsa arba'in cif, don tare aka yi mana rigakafi. Amma duk sanda aka buɗe ɗaukar aiki aka ce kada mai nema ya haura talatin, sai ya goge takalmi ya tafi ya yi rantsuwar shekaru, ya dawo da takarda mai tambari, yana ɗan 28, haifaffen 1 ga Janairu kamar rabin jama'ar ƙasar nan. Ranar taron 'yan garinsu kuwa, inda ake rabon nama da kujera bisa girma, zai gyara murya ya ce, "Mu da muka kai hamsin a duniya…" A gaban likita kaɗai yake faɗin arba'in, shi ma a hankali, bayan ya leƙa ko an rufe ƙofa. Shekara da shekaru ina yi masa kallon maƙaryaci. Ashe bawan Allah masanin lissafi ne. Lamba ɗaya ce, tushen yake sauyawa: wurin neman aiki sha shida, wurin nama takwas. Na nemi gafararsa a zuci.

Saura 101000. Shi ma bai ba ni wahala ba. Ka taɓa ganin taron siyasar da aka yi a ƙarƙashin rumfa biyu, mutum arba'in har da mai ruwan leda da yaran da suka zo jiran a watse su kwashe kujeru? Washegari mai magana da yawun ɗan takara zai ce mutum dubu ɗari da ɗaya suka yi dafifi. Kada ka zage shi. Da tushen biyu ya ƙirga, waƙafi kawai ya ƙara don ado.

Tun daga ranar, duk inda na juya a Sabon Tasha sai in ga farfesa. Telana ya karɓi yadina ya ce, "Alhaji, kwana 10 ka dawo." Ni ba alhaji ba ne, amma wannan wani juyin ne daban. Na dawo ranar goma na tarar da yadin a naɗe yadda na kawo shi, har alli bai taɓa shi ba. Ranar sha shida ya kira ni. To 10 a tushen sha shida nawa ne? Sha shida. Bai saɓa alkawari ko da yini ɗaya ba. In ya ce maka 20 gabanin Kirsimeti ko Sallah, ka lissafa talatin da biyu, ka nemo tsohuwar rigarka ka ba wanki.

Mai cin bashi shi ma haka, sai dai shi ƙasa yake gangarowa. Ranar karɓa da tushen goma yake ƙirgawa, har yana lasar yatsa kada takarda biyu su manne. Ranar biya sai ya koma takwas: ka ba shi dubu 100, ya kawo dubu sittin da huɗu, ya ce, "Ai mun rabu lafiya ko?" In Allah ya haɗa ka da gwani, wanda ya sauke karatun, tushen biyu zai shiga, inda 100 take nufin huɗu. Zai ba ka dubu huɗu, ya haɗa maka da addu'a mai tsawo da gaisuwa ga iyali.

Wanda ya ɗan rikita ni shi ne mai cewa, "Ga ni nan, minti biyar." Biyar dai biyar ce a takwas, a goma, a sha shida. Sai da na tuna agogo da tushen sittin yake tafiya, gadon mutanen Babila na dā can. Mutumin ya faɗi biyar da gaskiyarsa, gurbin ne ya zame masa, daga na minti zuwa na awa. Yana cewa ya iso unguwar Television alhali ko wanka bai shiga ba.

Hatta ƙwallon layi ba a bar ta a baya ba. In aka shirya gasar 'yan ƙasa da 17, sai ka ga mai tsaron baya da gemu, ɗansa na bakin fili yana riƙe masa ruwa. 17 a tushen sha shida ashirin da uku ne, kuma wannan ma an yi masa ragi. Abin ya ishi FIFA kanta, har ta soma sa a ɗauki hoton ƙashin wuyan hannun 'yan wasa da na'urar MRI a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 ta 2009, wadda Najeriya ta karɓi baƙunci, aka buga wasu wasanninta a filin Ahmadu Bello nan Kaduna. Ƙashi dai tushen goma kaɗai ya iya.

Sai na tambayi kaina: a ina muka samo wannan baiwa, mu da muke kuka da lissafi a makaranta? Amsar na cikin ɗankwalin kakanninmu. Kafin 1 ga Janairu 1973, lokacin da gwamnatin Gowon ta kawo naira da kwabo, kuɗinmu ba da goma-goma yake tafiya ba. Kwabo sha biyu sule ɗaya, sule ashirin fam ɗaya, wato kwabo 240 a fam. A tsakani ga taro kwabo uku, ga sisi kwabo shida, ga nai kwabo tara, ga ɗari rabin kwabo, ga anini da sai ka tara goma ka sami kwabo guda. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alli ba tana sayar da daddawa, tana juya tushen sha biyu da na ashirin a ka, tana ba da canji, tana kuma tsawata wa jika, duk a numfashi ɗaya. Ingila da ta kawo mana tsarin ita ta fara gajiya, ta koma goma-goma a 1971. Mu muka bi bayan shekara biyu, fam ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma.

Wai muka bi. A takarda ne kawai. Je ka layin masu hatsi a Kasuwar Sabo ka tsaya gaban wata dattijuwa da na sani. Na taɓa tambayarta kuɗin wani ɗan tsibin kuka, ta ce, "Ɗana, jaka biyu da fam hamsin." Jaka fam ɗari ce, naira 200 ke nan. Biyu ɗari huɗu, fam hamsin naira ɗari, jimla ɗari biyar. Kafin in gama wannan a kaina ta sallami mutum biyu, ta ƙulla mini a leda, tana kallona da tausayi irin wanda ake yi wa ɗan boko. Fam ya mutu fiye da shekara hamsin, amma a bakin Mama yana nan da ransa, har yana ƙara tsada.

'Yan uwanmu na Maraɗi sun fi mu ma. Su da dala suke ƙirga sefa, dala ɗaya sefa biyar. Takarda ta ce 100, baki ya ce dala ashirin. Ta ce 1000, baki ya ce jikka. Ɗan Najeriya da ya je can karon farko zai yi ta murna kaya sun yi arha, sai an zo biya ya gane sau biyar ake nufi. Ga kuma Hausar kanta, wadda ba ta jin kunyar ƙirga da baya-baya: sha takwas ashirin babu biyu ne, casa'in da tara ɗari ba ɗaya. Al'ummar da ta taso a haka za a tsorata da FF?

Shi FF ɗin 255 ne, kuma abin da ya fi ba yaron haushi ke nan, wai yaya harafi zai zama lamba. Na ce malaman zaure sun riga kwamfuta da ƙarnuka. A hisabi alif ɗaya ne, ba biyu, jim uku, dal huɗu, kuma marubuta waƙoƙin ajami kan ɓoye shekarar da suka gama waƙa a cikin wata kalma a baitin ƙarshe, su kira ta ramzi, mai ilmi ya warware. Wani Bakatsine, Muhammad ibn Muhammad al-Kashnawi, ya rubuta littafi kan jadawalin lambobi da ke ba da jimla ɗaya ta kowane gefe, ya rasu a Alƙahira a 1741. Bajamushen nan Leibniz kuwa a 1703 ya buga bayaninsa na ƙirge da 0 da 1. Masu kwamfuta sun rungumi sha shida ne saboda lalaci irin namu: alama guda tana ɗauke da lambobin bainari huɗu, ta tushen takwas uku, don haka maimakon su rubuta 11111111 sai su ce FF su huta. Da zarar yaro ya dubi wayarsa ma zai ga zuriyar biyu a jere: 16, 32, 64, 128. Ita ce dai wayar da ya rantse ba ta da alaƙa da aikin gida.

Tushen biyu kam a gida muke karanta shi kullum. Wuta ce malamar: an kawo, an ɗauke. Jerin jiya a layinmu 0001000 ne, kuma ɗayan nan da ƙarfe biyun dare ya zo, muka tashi da magagi muna guga. Akwai wani bainarin da ba ya ba ni dariya. Tun rikicin 2000 garin nan ya koyi ƙirga mutane da biyu, wannan ƙetaren kogi da wancan, kuma akwai masu jin sunanka su rubuta maka 0 ko 1 kafin ka gama sallama. Kasuwa ce ba ta iya wannan darasi ba. A nan Bagwariya da Inyamuri da Bajju da Bakano suna cinikin doya da Hausa, kowa na ƙoƙarin cutar kowa daidai wa daida, ba a tambayi addinin naira ba.

Magariba ta kawo jiki, yaro ya rufe littafi. Ya yi sauran tambayoyin shi kaɗai, duk ya ci. Sai ya miƙo hannu.

"Kawu, ka ce in na iya za ka ba ni 1000."

Haka ne, na faɗa, har na rubuta a gefen shafi don ƙarfafa gwiwa. Na laluba aljihu na zaro tsohuwar naira goma na ɗora masa a tafi. Na ce 1000 a tushen biyu takwas ne, ya riƙe canjin.

Bai ko yi murmushi ba. Ya jawo biro ya yi 'yan rubuce-rubuce, ya juyo mini da littafin. "Ni a tushen sha shida na ji ka, Kawu. Dubu huɗu da casa'in da shida. Na yafe maka casa'in da shidan."

Muka kai ƙara gaban uwarsa, tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta saurari ɓangarorin biyu ba ta ɗago ba.

"Yaya, ka ba shi jaka biyar kawai ku bar ni in yi girki."

Ba ni da tsaba a gida. Na taka bakin titi wajen mai POS na ciro dubu ɗaya, ta cire ɗari na caji. Na tambaye ta ko ɗarin nan a tushen biyu take nufi. Ta ce in matsa, akwai mutane a bayana.