Mu da Injin Babbar Mota

In ka ga Alhaji ya yi tagumi a teburin mai shayi a Adabraka, kofi ya huce a hannunsa, ba sai ka tambaya ba: injin babbar motarsa ne ya buga a hanyar Kumasi, ga lodin albasar Galmi a bayanta. Kafin a kira magariba duk majalisar ta zama ta fitoci, har wanda bai taɓa riƙe sifana ba yana da shawara.

Wannan ya ce a nufi kasuwar kayan gyara ta Abossey Okai a ɗauko hom-yus, wato tsohon inji, na DAF ko MAN da aka sauke a Tema, ai tsohuwar zuma da ita ake magani. Wancan ya ce a'a, sabo dal na Caina, irin WD615 na tifofin Howo, tunda asalinsa zanen Steyr ne na Ostiriya, kayan gyaransa kuma kamar ƙasa. Wani dattijo daga Nima ya gyara zama ya ce duk ɓarnar kuɗi ce, a sauke na ciki a kai wa fitocin Kokompe, a sa sabon ringi da fistin da laina, a goge karanshaf, ya sake yin shekaru.

Mu kuwa mun san inda zuciyarmu take. Muna son tsohon Benz mai famfon mai na ƙarfe, wanda Masta fita zai kwance a gindin bishiya a Paga ya ɗaure kafin la'asar. Inji mai kwamfuta ya fi tattalin dizal, mun sani, amma da fitila ta kama a gaban direba sai hankalinmu ya tashi, don kunne ba ya gano ciwonsa. Mu da kunne muke saye. A tayar da inji a ƙasa a kan tsohuwar taya, Masta ya kafa sukundireba a jikinsa, ya ɗora kunne a kan mariƙin, ya lumshe ido. Ya buɗe murfin baƙin mai ya ga ko yana huci. In ya gyaɗa kai ya ce "Alhaji, wannan yaro ne," magana ta ƙare.

Daga nan halinmu yake fitowa. Mu kwana uku muna ciniki a kan inji, sannan mu sayi baƙin mai mafi araha, alhali mu ne masu cewa araha ba ta ado. Mu ɗora inji mai ƙarfin doki a kan tsohon giyabos da lagireton da ya toshe tun bara, birki kuwa mu ce Allah ya kiyaye. Mu cire abin daidaita zafi mu jefar, wai na ƙasar sanyi ne. Mu ƙara buhu a kan buhu, tunda inji sabo ne. Wata shida ya fara hayaƙi, mu ce mutumin Abossey Okai ya cuce mu. Bawan Allah, wani lokacin shi bai ci ba bai sha ba.

Abin yana min ciwo, don motar nan ba ta mutum ɗaya ba ce. Direba da yaron mota da masu dako a Adjen Kotoku, inda aka mayar da kasuwar albasa a 2021, duk a jikinta suke ci.

Alhaji, in za ka Abossey Okai ranar Litinin, ka ware kuɗin lagireto da filta da mai na kirki tun daga gida, sannan ka biya ta ofishin rajistar motoci na DVLA a gyara lambar inji a takardunka.