Saki ɗaya ake yi wa goro

Duk wanda aka kira intabiyun aikin taimaka wa likitan haƙori a cikin birnin Kano, abin da yake fara yi shi ne ya yi wa goro saki ɗaya. Ba ya yin uku, don ya san za a yi kome ranar da takardar ɗaukar aiki ta fito. Daga nan sai ya kama asuwaki ba dare ba rana, yana so ya kankare jan shekara goma kafin Litinin.

Sai kasuwar Ƙofar Wambai, a zaɓo farar riga ta gwanjo, a ba mai guga. Sai hadda: babba haƙora 32, yaro 20, ga fiƙa, ga turame, ga dasashi, ga yadda ake dafa kayan aiki don kashe ƙwayoyin cuta.

Duk wannan mai sauƙi ne. Da ni ke tambayar, cewa zan yi: ga dattijo ya taso daga Jakara da kumburarren kunci, ya riga ya gama binciken ciwonsa, tsutsa ce, wanzami ma ya tabbatar. Me za ka ce masa? Ga kuma Hajiya da haƙorin Makka, ta zauna ta ce a duba ko'ina amma ban da nan, alhali nan ɗin ne ke ciwo.

Kawu kuwa shawararsa ɗaya ce: "Yaro, in ka shiga ka gaishe su da ladabi, amma kada ka yi dariya. Su ma haƙora suke dubawa."