Ban Ƙirga Ba, Yaya

Kaka ta yi, masara ta shigo gida, ikilisiyoyinmu na ƙasar Kibiya da Rano suna shirin Lahadin godiya. Kafin a fara jera buhuna a gaban majami'a, ina da wani labari daga yankin Kahu. Ba zan kama suna ba.

Akwai wani dattijon ikilisiya, mutum mai ƙwazo, wanda ba a taɓa riga shi zuwa sujadar asuba ba. Sana'arsa taki. Idan damina ta faɗi, ya ba manomi buhu ɗaya, da kaka ya karɓi buhu biyu na masara, ya loda mota zuwa kasuwar Dawanau. Yana da ɗan littafi mai jan bango a aljihun gaba, sunan kowa na ciki. Har da na matar ƙanensa marigayi, wadda ke suyar ƙosai a bakin hanya tana riƙe da marayu huɗu. A damina ta 2022 ta je neman rabin buhu. Ta durƙusa ta ce, "Yaya, a sassauta mini bana." Ya ce, "Maman yara, ciniki daban, zumunci daban." Da kaka ta auna masa buhu guda cur, yara na tsaye suna kallo.

Kuɗin da ya samo a Dawanau bai kai banki ba. Ya ɗaure su dami-dami, 'yan dubu da 'yan ɗari biyar, ya zuba a akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. Matarsa ta ce sau da yawa idan ya tashi addu'ar dare, sai ya fara miƙa ƙafa ya taɓa akwatin, sannan ya rufe ido.

Sauran kowa ya sani, domin kowa ya sha. Babban Bankin Nijeriya a ƙarƙashin Godwin Emefiele ya sake fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Aka sa wa'adi 31 ga Janairu 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Sababbin kuɗi suka yi ɓatan dabo, masu POS suna sayar da naira da naira. Dattijo ya ƙi motsi, yana cewa gwamnati ba za ta iya ba. Da wa'adi ya cika, mai shayi ma ya daina karɓar tsohuwar dubu.

A cikin wannan mako ne ciwo ya kayar da matarsa da tsakar dare. Sai an kai ta asibiti a Rano. Ya jawo akwati, ya ciro dami guda, ya fita neman mota. Direban ya haska tocila ya ga launin kuɗin, ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, gidan mai ba za su karɓa ba." Ya ƙara masa dami na biyu. Direba ya girgiza kai. Dattijo yana tsaye a ƙofar gida da kuɗin da za su sayi motar kanta, matarsa na nishi a ɗaki.

Hayaniyar ce ta tashi mai ƙosai. Ta fito da mayafi, ta ji abin da ake ciki, ta kwance bakin zanenta. 'Yan sababbin takardun da ta tara a cinikin mako ne, da nata kason adashen zumuntar mata, duk sun sha mai sun nannaɗe. Ta danƙa wa direba gaba ɗaya, ta shiga ɗaki ta tallafo facalarta. Ita ta kwana a bakin gadon asibiti har kwana uku.

Nakan tsaya a nan in yi tunani. Ba na cikin masu cewa dukiya zunubi ce. Ibrahim mai shanu ne, Ayuba ma haka, kuma rufin majami'unmu da kuɗi aka saye shi. Amma a Littafin Fitowa sura 16, manna da wasu suka ɓoye don gobe, saboda ba su amince za ta sake saukowa ba, da safe suka tarar ta yi tsutsa tana wari. Littafin Firistoci sura 25 kuwa ya hana cin riba a kan ɗan'uwan da talauci ya kama, ko a kuɗi ko a abinci. Ana karanta mana waɗannan da Hausa tun 1932. Abin da ke ci mini rai shi ne mutum ya haddace su, ya koya wa yara a makarantar Lahadi, amma idan dare ya yi ƙafarsa ta san inda take zuwa.

Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki. Akwati ya farfaɗo. Matar ma ta warke. Dattijo ya ɗauki jan littafi da biro ya nufi wurin suya.

"Maman yara, nawa ne kuɗin nan? In rubuta, in biya ki har da ƙari."

Ta juya ƙosai a kasko. "Ban ƙirga ba, Yaya."

"Ai ko da ƙiyasi."

"Wanda ya ba ni bai ƙirga mini ba. Ka gaida mai jiki."

Ya daɗe a tsaye, biro a hannu. Ta zuba masa ƙosai a takarda ta ce a kai wa maras lafiya.

Da damina ta dawo, yaransa suka sake zagawa da taki gida-gida, ɗaya a kan biyu, har ƙofar mai ƙosai. Ranar godiya shi zai fara fitowa, samari na biye da buhuna, a yi ta guɗa. Ita tana can baya cikin layin zumuntar mata, da kwano ɗaya na masara a ka, daga abin da ya rage bayan an auna wa Yaya nasa.