Rabe-raben Masu Cajin Waya

Masu nazarin al'umma sun saba kasa mutane bisa sana'a ko asali, amma a garin da wutar lantarki take zuwa ba sallama ta tafi ba bankwana, babu abin da yake tona halin mutum kamar yadda yake bi da batirin wayarsa.

Rukuni na farko su ne magada, wato waɗanda ba sa jona waya sai ta mutu murus, bisa wata fatawa da ta samo asali daga zamanin batirin nikel, wanda ƙarfinsa kan ragu idan ana yawan cajinsa kafin ya ƙare. Batirin wayoyin yau kuwa na litiyam ne, irin wanda kamfanin Sony ya fara kaiwa kasuwa a 1991, kuma ya fi daɗewa idan cajinsa yana kaiwa da komowa tsakanin kashi 20 da 80 cikin ɗari. Sai dai magaji ba ya karɓar wannan bayani, domin kawunsa ne ya faɗa masa akasin haka, kuma kawun ya taɓa zama a Legas. Kishiyoyinsu su ne masu dakon ɗari, waɗanda kan bar mota ta tashi a tasha saboda waya tana kashi 98.

Akwai maroƙan caja, waɗanda kan shigo gida da sunan gaisuwa, baki yana tambayar lafiyar iyali, ido yana laluben soket a bango.

Rukunin da ya fi cancantar dogon nazari shi ne na masu gasa waya, waɗanda suke jona ta su tura ƙarƙashin matashin kai, ko su ci gaba da kallon fim tana caji har ta gagari riƙewa. Zafi shi ne babban makashin batirin litiyam, kuma kamfanin Apple ya yi gargaɗin cewa yanayin da ya haura digiri 35 yana iya rage ƙarfinsa har abada, alhali Sakkwato takan wuce digiri 40 a watan Afrilu ba tare da taimakon matashin kai ba. Daga wannan rukuni ake samun manyan malaman fannin, wato masu kumburarren batir. Kumburin iska ce da take taruwa a ciki idan sinadaran batirin suka lalace, amma mai wayar yakan ɗauke shi a matsayin ƙiba, ya ɗaure murfin da kyauro, ya ce ai har yanzu tana kira. Kamfanin Samsung dai bai yi irin wannan haƙuri ba, domin a 2016 ya janye Galaxy Note 7 daga kasuwa gaba ɗaya saboda batirinta yana kamawa da wuta.

Batirin da ya kumbura ba a ƙara cajinsa, ba a huda shi, ba a jefa shi cikin sharar da za a ƙona. Mai gyaran waya ake kai wa ya canza shi, ko da kawu ya ce a bari sai bayan salla.