Masu Furfurar da Ƙaton Ƙarfe Ya Hana Girma

Tun 1972 da Go Nagai ya zaunar da yaro Koji Kabuto a cikin kan Mazinger Z, ya ba shi ikon harba dunƙulen hannu kamar roka, Japanawa ba su daina zana ƙattan mutum-mutumi a katun ba. Kafin nan akwai Tetsujin 28 na Mitsuteru Yokoyama, amma shi daga nesa ake tuƙa shi da ɗan akwati. Nagai ne ya koya wa duniya shiga ciki. Yaran da suka kalli abin a lokacin yanzu sun yi furfura, wasu har sun aurar da 'ya'ya, kuma babu alamar warkewa.

Wanda ya fi yawa a cikinsu shi ne mai "na zamaninmu". In Bafaranshe ne, Goldorak zai ambata, wanda tashar Antenne 2 ta fara nunawa a 1978. In Balarabe ne, wannan ƙaton dai zai kira, amma da sunan Grendizer, da fassarar Labanan da waƙar buɗe shiri a muryar Sami Clark. Ƙauna ta kai har an kafa masa mutum-mutumi mai tsayin sama da mita 30 a Riyad. In namu ne na Najeriya da ya tashi a gaban NTA, to Voltron ne, zakuna biyar da ke haɗuwa su zama jarumi guda. Kowannensu zai rantse ba a sake yin zane irin nasa ba. Ka kunna masa yau, zai tarar cewa hoton haɗuwar zakunan nan guda ɗaya ne ake maimaitawa kowane mako don a rage kuɗin zane. Kada dai ka tambaye shi me ya hana Voltron zaro takobi tun farkon faɗa, tunda kullum da shi ake gamawa. Zumunci na iya ɓaci.

Kusa da shi akwai mai gyara, wanda ba a gayyata ba. Kana cikin tuna yarinta zai katse ka: ai ba Voltron ba ne, GoLion ne na 1981, Amurkawa ne suka yanke shi suka sake masa suna a 1984. Sannan ya ƙara da cewa matuƙin nan Sven, da aka ce ya ji rauni an kai shi jinya, a na asali mutuwa ya yi. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ba a son zama da shi.

Sai injiniya. Shi da biro yake kallo. Zai lissafa maka nauyin ƙarfe mai tsayin mita 18, ya nuna cewa gwiwar ba za ta ɗauka ba, ƙasa ma za ta rufta da shi, matuƙin kuwa taku uku zai yi ya amayar da karin kumallo. Saboda haka Gundam kaɗai yake girmamawa, na Yoshiyuki Tomino, 1979, inda harsashi ke ƙarewa kuma injin ke lalacewa. Abin dariya, dalilin da ya sa ake faɗa gaba da gaba a Gundam shi ne wasu ƙwayoyin Minovsky da ke toshe na'urar rada, waɗanda marubuta suka ƙirƙira daga kansu. Wannan ya karɓa hannu bibbiyu, don an sa musu suna mai kama da na kimiyya. Ka ce masa tsafi ne ke motsa injin, sai ya tashi.

Ni kuwa ina bayan waɗanda ba su damu da wannan ƙarya mai ɗamara ba, masu son ƙaton ƙarfe a duniyar sarakuna da dodanni. Tomino ɗin nan dai shi ya yi Aura Battler Dunbine a 1983, inda ake ƙera injinan yaƙi daga ɓawo da tsokar namun dajin Byston Well, su fito kamar ƙwari, ƙarfin ruhin matuƙi kuma shi ne mai. A 1994 Magic Knight Rayearth na CLAMP ya ɗauke 'yan mata uku 'yan makaranta daga Hasumiyar Tokyo ya damƙa musu ƙattan. Sai Escaflowne a 1996, mutum-mutumi mai alkyabba da takobi, da zuciyar dodo yake aiki, in ya ga dama ya rikiɗe ya zama dodon ya tashi sama. Masoyin wannan kashi yana da sirri. Zai ce saran takobi ya kawo shi, alhali damuwarsa ita ce wa Hitomi, jarumar Escaflowne, za ta zaɓa tsakanin samarinta Van da Allen. Kiɗan da Yoko Kanno ta yi wa shirin na tashi zai fara ƙorafin ƙura ta shiga masa ido. Wanda ya kai ƙarshen Dunbine kuwa, inda Tomino ya kashe kusan kowa, kwana biyu yake yi ba ya amsa gaisuwa da kyau.

Mai rera waƙar buɗe shiri ba ya jin ko kalma ɗaya ta Japananci, amma bai taɓa kuskuren baiti ba.

Mai tara kaya shi ne ainihin wanda ya riƙe sana'ar, ko da bai sani ba. Gundam na farko bai samu 'yan kallo ba, aka datse shi a kashi na 43. Kayan roban haɗawa da Bandai ya fara sayarwa a 1980, Gunpla, suna cikin abin da ya tashe shi. Mutumin nan yana da kwalaye har rufin ɗaki, rabinsu bai buɗe ba, yana jiran ranar da zai samu lokaci. Duk kwalin da uwargida ta gani, amsa ɗaya ce: rangwame aka yi.

Akwai kuma uban da ke fakewa da ɗansa. Zai shigo da zakuna biyar a leda, ya ce na yaro ne. Uwargida ta ce, "Maigida, yaron da ko haƙori bai gama fitarwa ba?" Ya ce ai da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Yaron ya miƙa hannu zai taɓa jan zaki, uban ya ɗaga shi sama da sauri, ya ɗora a kan kabad, ya ce sai ya yi hankali.