Waken da Ke Ɓata Gari a Teburin Dodanni

A shekarar 1974 ne wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wasan Dungeons & Dragons. Tatsuniya ce ta haɗin gwiwa. Mutum huɗu ko biyar su kewaye tebur, kowa ya ƙirƙiri jaruminsa: wannan mayaƙi, wancan boka, wani ɓarawo. Mutum guda ke jan ragamar labari, ya ce, "Kun iso bakin kogon dodo, me za ku yi?" In abin da aka zaɓa akwai kasada, a jefa dayis irin na lido, amma mai fuska ashirin, ya raba gardama. A wasan nan ba a cin kowa. Ko a ji daɗi tare, ko a sha haushi tare. Sai dai wake ɗaya ke ɓata gari, kuma waken iri-iri ne.

Na farko Lauya. Littafin 'yan wasa na bugu na biyar, wanda ya fito a 2014, ya haura shafi ɗari uku, shi kuwa ya haddace shi tsaf. Dodo ya buɗe baki zai feso wuta, kowa ya riƙe numfashi, sai ka ji, "Dakata! Shafi kaza bai ce haka ba." A share rabin sa'a ana shari'a, dodo na tsaye baki buɗe. Abin mamaki, duk dokar da za ta cuci jaruminsa, ranar mantuwa ke kama shi.

Sai Sarkin Yanka. An gabatar da tsohon da ya san hanyar taska, mai labari ya kwana uku yana tsara masa tarihi da murya. Tsoho bai rufe baki da sallama ba, gogan ya ce, "Na sare shi." Mai kanti ma haka, mai gadin ƙofar birni ma haka. Ƙarshe ayari ya tsaya cirko-cirko, ba wanda ya rage a raye da za a tambaya hanya.

Na uku ya fi su wayo, domin yana da katanga. Ya sace jakar zinaren abokan tafiya suna barci, a yi masa ca, ya ɗaga kafaɗa: "Ba ni ba ne, halin jarumina ne." To malam, wa ya haifi jarumin? Da alƙalaminka ka rubuta shi ɗazu-ɗazun nan, muna kallo.

Akwai Ɗan Ba-ruwana. Jaruminsa maraya ne, fuska a rufe, kullum yana lungun masauki mafi duhu. Sarki ya yi shela a ceto 'yarsa, kowa ya ɗaura sirdi, shi ya ce, "Ni ban ga abin da zai kai ni ba." Ya hau mota tun daga wata unguwa, ya ci gyaɗar mutane, don kawai ya ƙi tafiya.

Ga Mai Waya, wanda gangar jikinsa kaɗai ta halarta. In layi ya zo kansa ya ɗago a firgice: "Wa muke yaƙa?" Dodon ya mutu tun ɗazu, har an raba ganima. Kusa da shi Mai Sa'a ke zaune. A lissafi, ashirin kan fito sau ɗaya cikin jifa ashirin, amma shi sau shida yake samunta a dare guda, kuma duk a bayan kwanon gyaɗa take faɗuwa.

Yaya za a yi da su? Masu wasan sun ce rigakafi ya fi magani, shi ya sa suke zaman share fage kafin a fara labari, a yarda da abin da aka zo yi da abin da ba a so. In wani ya karya alkawari, a ja shi gefe bayan an tashi, a tambaye shi abin da yake nema. Sau da yawa za ka tarar Sarkin Yanka dogon surutu ne ya ishe shi, Lauya kuma in aka danƙa masa aikin duba littafi sai ya zama ɗan gari. Wanda ya ƙi ji, a sallame shi cikin mutunci.

Saura mutum ɗaya, wanda na ajiye a ƙarshe don kunya: mai jan ragamar da ba zai iya kallon abokinsa ya ce "ka dame mu" ba. Sai ya haɗiye, ya murmusa, mako na zagayowa ya sako dutse daga sama ya murƙushe jarumin mai laifi. Na taɓa yin haka. Mutumin ya karɓi sabuwar takarda, ya rubuta ƙanen mamacin, ya ce ya zo ɗaukar fansa.