Manyan Baki a Talabijin Ɗin Baba

Ranar da dangin saurayin ƙanwata za su zo gaisuwa gidanmu a Manchok, kowa da aikinsa. Mama na kan tuwon acca, yara na shara. Ni kuwa na ɗauko wa kaina wanda ba a sa ni ba: sai tsohuwar talabijin ɗin Baba, mai ƙatuwar ƙeya, ta yi wa baƙi maraba da rubutu.

Makamina Arduino Uno ne, ɗan allon lantarki da bai cika tafin hannu ba. Ba don hoto aka ƙera shi ba, amma talabijin irin ta da sauƙin ruɗi gare ta. Ta wayar nan mai rawayan kai, ƙarfin wuta kawai take saurare: sifili na nufin ta koma farkon layi, bolt 0.3 baƙi ne, bolt 1 fari. Rizista biyu sun wadatar, mai om 1,000 a ƙafa ta 9, mai 470 a ƙafa ta 7. Har Kafanchan na je nemansu. Mai gyaran rediyon da ya ciro mini su daga wata matacciyar rediyo ya ji abin da na biya na mota, ya ƙi karɓar ko sisi, don tausayi.

Na jona, na kunna. Hoto ya kama gudu daga sama zuwa ƙasa ba tsayawa.

"Kai, burkutu ka ɗura mata?" in ji Baba.

Ashe shirin da na kwafo na Amurka ne, NTSC, mai layi 525. Tamu ta Najeriya PAL take ji: layi 625, kowane a cikin kashi 64 na miliyan na daƙiƙa. Bugun agogon Arduino 1,024 ke nan a layi guda, kuma in ya makara kaɗan rubutu ya karkace. Na sauya kalma ɗaya, hoto ya natsu. Sai kaina ya kumbura, na ƙara sunayen baƙi kaf da doguwar addu'a. Allo ya cika da tsaki kamar an watsa wa kaji. Wurin ajiyar Arduino bayit 2,048 ne, hoton kuma ya riga ya lashe 1,536. Na share, na bar layi biyu.

Saura harafin Ƙ. Baƙaƙen da ke cikin shirin na Turanci ne zalla, duk inda na sa mai ƙugiya sai wani shirme ya fito. Ga ƙarar mota a ƙofar gida. Na ce ai haka kowa ke rubutu a waya, na danna K.

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Jagoran baƙin kawun saurayin ne, tsohon hedimasta, irin wanda ba ya barin waƙafi ya wuce shi. Ya gyara tabarau, ya karanta da ƙarfi, a hankali: "Barka da zuwa, manyan... baki."

A gefensa akwai wata gwaggo da tun saukarta daga mota ba ta yi shiru ba. Ta ajiye kofin kununta.

"Da wa ake?"

Na durƙusa na fara bayanin bayit. Hedimasta ya ɗaga hannu. "Ɗana, ka iya sa akwati magana, ƙugiya ɗaya ta gagare ka?" Mama ta wuce ta bayana ta zare wayar, ta haɗa da kunnena. Kafin a koma zancen aure sai da Baba ya sa aka kamo zakaran da yake tanadi don Kirsimeti, aka ba gwaggo haƙuri da shi.

Da dare, bayan sun kama hanyar Kagoro, na zauna da takardar lissafi na zana Ƙ da hannu, ɗigo takwas a tsaye, takwas a kwance. Ya fito tsaf, ƙugiyarsa har da lanƙwasa. Bayit 8 kacal ya ci.